Zakin Baba Sani Mara Geza

Ni ne na raɗa wa zakin Baba Sani suna Jakin Zongo. Gara in faɗa da bakina tun yanzu, kafin wani tsohon maƙiyi ya riga ni.

Baba Sani maigidana ne. Shi ya koya mini ɗaukar hoto lokacin da na faɗo Kwatano daga Jega, da aji uku a kaina da wando ɗaya a jikina. Shagonsa yana bakin hanyar da ke fita daga Zongo zuwa kasuwar Saint-Michel. A bangon shagon akwai labule biyu da ake zama a gabansu. Ɗaya jirgin sama ne, sayo shi aka yi. Ɗayan kuwa Baba ne ya zana da hannunsa: itacen kuka, jar rana, da wata doguwar dabba ramammiya a kwance, da ɗan gashi a wuya wanda bai fi gemun sabon balaga ba. Baba ya ce zaki ne. Mu kuwa ai mun san zaki, mun gan shi a jikin kwali da gwangwani, da geza tibi guda kamar an naɗa masa rawani. Saboda haka duk wanda ya shigo sai ya ce, "Idi, jawo mana jirgin, ban da jakin nan."

Baba bai taɓa yin musu da kowa ba. Abin da yakan ce kawai shi ne, yana ɗan shekara goma ya biyo ayarin mahaifinsa daga Gwanja da jakunan goro, a bakin wani rafi arewa da Jugu ya ga zaki ido da ido, kuma abin da ya gani shi ya zana. Sai a yi dariya, ni ma in taya.

To, sai yanar ido ta rufe masa na hagu, ta fara cin na dama. Likita ya ce kafin damina ta faɗi shi ma zai tafi. Wata safiya na shigo da tsintsiya na tarar da shi tsaye yana shafa labulen da tafin hannu, tun daga kan dabbar har wutsiya.

Ya ce, "Idi, ni kaina na fara shakka. Ko dai kare na gani?"

Tsintsiyar ta faɗi daga hannuna. Duniya ta ce kai maƙaryaci ne, wannan da sauƙi. Amma ranar da ka fara yarda da ita, an gama da kai. Na ce masa an ce akwai zakuna a dajin Panjari, can ƙarshen ƙasa, Turawa ma suna zuwa kallo. Sai ya buɗe akwati ya ciro kyamararsa, irin wadda ake leƙawa ta sama kamar rijiya, da fim guda ɗaya mai ɗauka goma sha biyu. A lokacin fim ya yi wuya ƙwarai, wannan ma ɓoyonsa yake yi. Ya danƙa mini su in je in ɗauko masa zakin. Bai ƙara mini wa'azi ba, domin dokokinsa biyu tuni sun zauna mini a ƙashi: ba a danna wa mutum sai ya ɗago haɓa ya dube ka, kuma ba a wanke fim da gurbi ko ɗaya a buɗe.

Jirgin ƙasa ya yini da ni kafin Faraku, tsakanin wata mai busasshen kifi da wani mai zakaru. Wannan ba wahala ba ce, gaisuwa ce. Wahalar tana bakin gari, bayan na shiga motar arewa, wajen shingen jandarmomi.

Ku yaran yanzu ba ku san zamanin ba. Lokacin kowa ya zama kamarad. Liman kamarad, mahauci kamarad, surukinka ma idan ka kuskura kamarad. Kuma duk baƙon da ke ɗauke da kyamara ɗan leƙen asiri ne har sai ya rantse. Ga ni da takardun Nijeriya, ga Faransancina wanda ko ni ba na gane shi. Aka sauke ni daga mota, motar ta tafi.

Babbansu, wani dogo mai jin Hausar kasuwa, ya juya kyamarar ya ce, "Kamarad, me za ka ɗauka?"

Na ce, "Zaki."

"Zakin wa?"

"Na Allah, ranka ya daɗe."

Ya ce, "Kuskure biyu. Na farko, an daina ranka ya daɗe. Na biyu, zakunan ƙasar nan yanzu na jama'a ne."

Suka zaunar da ni gindin mangwaro yini guda da rabi. Ba duka, ba zagi, ba kuma abinci, sai abin da ya faɗo daga bishiyar. Kashegari da hantsi dogon ya matso, ya duba hagu da dama, ya rage murya ya ce, "Abin nan yana ɗaukar mutane ma?" Ashe wata yarinya yake nema a Bohikon, ta ce ta manta kamanninsa. Na ɗauke shi da hula, na ɗauke shi ba hula, na ɗauke shi a jikin keke. Ƙaraminsu ya ce shi ma yana da uwa. Gurbi huɗu suka tafi ina ji ina gani. Amma ya rubuta mini takarda, ya buga mata hatimi har biyu, wai an yarda Kamarad Idi ya ɗauki dabbobin jama'a. Takardar tana nan, sai dai gara ta cinye kamarad ɗin ta bar Idi.

A Jugu na ji kamar na koma gida: ga zango, ga masu tsire, ga Hausa ko'ina. Nan kuwa aka cuce ni, don ɗan gari ba ya cutarka da yaren da ba ka ji. Wani mai zaƙin baki, ya ce sunansa Mamman, ya ji abin da nake nema ya kama baki.

"Haba ɗan'uwa! Har Panjari? Ga zaki a bayan gari, wani tsohon maharbi ke kiwonsa. Bargon nan naka kawai za mu ba shi."

Muka taka har rana ta yi tsaka. Muka isa wani gida shiru. Ya ce in tuɓe takalmi, maharbin ba ya son raini. Na tuɓe. Ya nuna mini wani ɗaki mai duhu, ya ce in leƙa ta ƙofa a hankali. Na leƙa, sai ga idanu suna ƙyalli, ga geza har ƙasa. Zuciyata ta yanke. Na ce a raina, shi ke nan, ashe Baba kare ya gani. Ya ɗago haɓa, yana dubana, na danna. Zakin bai motsa ba. Can sai ga kaza ta fito daga ƙarƙashin cikinsa tana kyarkyara, ta yi ƙwai. Tsohuwar fata ce aka cusa wa ciyawa, idanun gindin kwalba, gezar kuwa wutsiyar doki ce aka ɗinka. Na waiwaya, ba Mamman, ba bargo, ba takalmi. Amma ku lura, ko macuci ya san sai ya ƙara geza kafin a yarda da shi.

Na isa Natitingu a bayan motar doya, ƙafa duk ta fashe, zazzaɓi ya kama ni. Abin da na tuna shi ne na zauna kan bencin wata mai sakwara a tasha, na nemi ruwa, sai na farka a ƙarƙashin rumfarta da jiƙaƙƙen tsumma a goshi. Sunanta Iya Bake. Hausarta ba ta wuce ta ciniki ba, amma ta iya "sha" da "ci", kuma da su ta yi mini jinyar kwana uku. Ta dafa ganyen darbejiya mai ɗacin da zai tayar da gawa. Rana ta biyu ta kaɗa mini miyar kuka, wai ta ji mutanenmu ita suke so. Wallahi ba ta iya ba. Amma ƙarar maburgi a cikin tukunya irin ta tsakar gidanmu ce a Jega, shekara goma sha ɗaya rabona da ita. Na juya fuska ga zana na yi kuka, na bar zazzaɓi ya ɗauki laifin.

Da na miƙe ta ɗauko takalmin roba daga ƙarƙashin gado ta ajiye a gabana. Na ɗanta ne. Gwamnati ta tura shi Rasha karatun injiniya, shekara uku ke nan. Ta nuna kyamarar, ta nuna ƙirjinta, ta nuna sama wajen arewa. Na gane. Ta ɗaura zanen sallarta ta zauna kan turmi. Na ce ta ɗago haɓa, ta ɗago, ina dannawa sai hawaye. Ta girgiza kai, ta ce kada yaron ya ga haka a ƙasar sanyi. Na san abin da ya rage mini, na kuma san takalmin wa ke ƙafata. Na sake ɗauka. Wannan karon ta yi dariya, don ƙyallen tukunya na ɗora a kaina.

Ita ce ta haɗa ni da Yempabu, ɗan jagoran daji, gajere baƙi, mai tsagen Gurmawa, wanda kullum ya shigo gari wurinta yake cin abinci. Zai shiga Panjari da wasu Turawa biyu, malaman makaranta, mata da miji. Ban san abin da ta faɗa masa ba, na dai ga ta riƙe kwanonsa ba ta miƙa masa ba sai da ya gyaɗa kai. Aka ba ni wuri a bayan mota, tsakanin jarkar ruwa da tayar safaya.

Bayan Tangeta hanya ta ƙare, sai sawu. Bazara ce, zafi kamar an kifa maka kasko, ƙudan tsando yana huda riga. Yempabu ya kafa mini nasa dokokin: ba tsayuwa, ba magana, ba tari.

Na ce, "Atishawa fa, kamarad?"

Ya ce, "Haɗiye."

Madam tana da kyamara mai dogon baki kamar taɓarya, tana ta dannawa kamar a bishiya ake tsinko fim. Ɓauna ta ba ta baya, ta danna. Dorina ta nutse, ta danna wa ruwan. Ni ina kallo ina jin kunya a madadinta, ko gaisuwa babu, balle gyara zama. Sai dai ni ma ban tsira ba. Rana ta farko giwa ta fito daga cikin kurmi dab da mu ta buɗe kunnuwa, yatsana ya danna shi kaɗai, na ɗauki sararin samaniya da reshe guda. Rana ta biyu na hango abu ja a kwance cikin ciyawa, na rantse ya dube ni, na danna. Suri ne. Yempabu ya yi dariya har ya ƙware, sannan da yamma ya zo yana sosa ƙeya, wai shekara ashirin yana kai mutane su ɗauki dabbobi, ba wanda ya taɓa juyo da kyamara wajensa. To me za ka ce wa mutumin da ke raba ruwansa da kai? Na gyara masa wuyan riga na ɗauke shi. Saura biyu.

Rana ta uku ita ce ta ƙarshe, da azahar Turawa za su juya. Muka fita da sassafe wajen wani tafki. Yempabu ya sa aka kashe mota, ya tsaya yana sauraro. Gwaggon biri suna ta haushi daga kan wata bishiya, duk sun fuskanci gefe ɗaya. Ya nuna da leɓe. Direba ya lallaɓa, muka zagaya bayan wata sabara, sai ga shi, bai fi taku ashirin ba. A kwance, ya ba mu baya, ya cusa fuska cikin ciyawa.

Madam ta fara aikinta, ƙyas, ƙyas, ƙyas. Na leƙa cikin rijiyata, ƙugu kawai nake gani da bayan kunne. Na ɗora yatsa. Yatsan ya ƙi. Shekara goma sha ɗaya Baba yana bugun hannun nan idan ya danna wa wanda bai duba ba, yau ɗaya ba zai manta ba. Na jira. Rana tana hawa, direba yana duban agogo, zakin ko a jikinsa. Ban san lokacin da na miƙe tsaye ba. Na ɗaga hannun hagu na ƙyasta yatsu kamar yadda nake yi wa 'yan kasuwa masu neman hoton takarda, na ce da ƙarfi:

"Ranka ya daɗe, ɗan ɗago haɓa! Dubo nan!"

Ya ɗago. Ya juyo a hankali, ya dube ni.

Jama'a, labulen Baba na gani a cikin gilashin. Dogon jiki, haƙarƙari a fili, ɗan gashi a wuya da ƙirji kamar gemun sabon balaga, har da yadda kunne ɗaya ya ɗan karkace. Na danna. Sai ya miƙe ya yi wani gurnani da na ji shi a cikin hanjina. Yempabu ya fizgo ni ta wando na faɗa kan jarka, direba ya ja da baya da gudu, mijin Madam yana kiran sunayen da ban sani ba.

Da muka yi nisa Yempabu ya zage ni da yare uku. Na bari ya gama, na ce, "Kamarad, ina gezarsa? Ko ba shi da lafiya?"

Ya ce, "Lafiyarsa ƙalau, ya fi ka hankali ma. Namu na nan haka suke. Wa zai yafa bargo a wannan zafi, cikin ƙaya? Masu babbar geza suna can wata ƙasa, su ake bugawa a littafi."

Muna hanyar fita sai ga zakanya da 'ya'ya biyu suna shan ruwa, rana ta haske su kamar an shirya. Madam ta taɓa ni tana nuna kyamarata, ta ga ban ɗaga ba ta ɗauka tsoro ne. Yatsana ya yi ƙaiƙayi, ba zan ɓoye ba. Na rufe murfin na rungume ta a ƙirji. Gurbin da ya rage yana da mai shi.

Komawa ta ci kwana huɗu, ba abin faɗi sai mota da ta mutu sau biyu. Na shigo Zongo da hantsi, hadari ya fara haɗowa ta wajen teku amma bai zuba ba. Baba yana zaune bakin shago, ya karkata kai yana duban titi da gefen idon dama, kamar mai leƙen ramin makulli.

"Wa ke nan? Wannan tafiyar Idi ce, amma takalmin ba nasa ba ne."

"Ni ne, Baba."

"Ka same shi?"

"Na same shi."

Bai tambaye ni kamanninsa ba. Ya ce, "Shiga ka wanke."

"Saura gurbi ɗaya, Baba. Dokarka ce."

"To kira wani a titi."

"Kai za ka zauna. A gaban labulenka."

Shekara talatin da zana shi, bai taɓa zama a gabansa ba. Ya yi ɗan murmushi ya ce, "Gaban jaki?"

Na durƙusa. Na ce, "Baba, ni na sa masa sunan nan."

Ya ce, "Na sani. Ina ɗakin wankin hoto ranar, bangon kwali ne. Tashi ka miƙo mini babbar rigata."

Ya sa riga, ya gyara hula, na jawo labulen na zaunar da shi. Na ce, "Baba, ɗago haɓa." Ya ɗago, ya dubi inda ya ji muryata. Na danna.

Na shiga ɗakin wanki na rufe. Ban taɓa yin addu'a a kan ruwan magani kamar ta ranar ba. Suka fito ɗaya bayan ɗaya: jandarma da kekensa, fatar Mamman, Iya Bake tana kuka, Iya Bake tana dariya, sama, suri, Yempabu. Su ma na aika musu nasu daga baya ta hannun direbobin arewa. A ƙarshen fim ɗin kuwa, na goma sha ɗaya da na goma sha biyu suna manne da juna. Na buga su a takarda ɗaya, iyakar girman da injinmu zai iya: zakin Panjari a hagu, Baba da nasa a dama.

Kafin takardar ta bushe labari ya zaga. Tela ya bar kekensa, masu goro suka matso, har da waɗanda suka fi kowa cewa a jawo jirgi. Baba ya fito da gilashin ƙara girma da yake gyaran hoto da shi, ya juya wajen rana, ya kai takardar dab da idonsa. Ya bi na hagu a hankali. Ya koma na dama. Ya sake komawa hagu. Ba wanda ya yi tari, ko Yempabu da ya gani sai ya yaba.

Can ya ce, "Ka yanke masa wutsiya."

"Ya miƙe ne, Baba."

"Ya rame."

"Haka suke, in ji ɗan jagora."

"Na san haka suke," in ji shi. Ya sauke gilashin, ruwa yana bin gefen hancinsa daga idon da ke gani da wanda ba ya gani. Ya miƙa wa tela takardar ba tare da ya dube shi ba, ya ce, "Ku zagaya da ita. Kada a sa mata maiƙo."

Takarda tana yawo hannu zuwa hannu, kowa ya duba sai ya saci kallon labule. Baba ya laluba ya kamo hannuna, ya jawo ni kusa.

"Ya aka yi ya dube ka haka?"

Na gaya masa. Na ce na miƙe tsaye a cikin mota, na ƙyasta yatsu, na ce ya ɗago haɓa.

"Zakin?"

"Shi."

"Ya kuma ɗago?"

"Ya ɗago, Baba."

Ya yi dariya har hularsa ta zame. Sannan ya matse yatsan nan nawa da ya sha bugu shekara goma sha ɗaya, ya ce, "To, Idi, ka iya aiki."

Bai taɓa faɗa mini haka ba sai ranar. Da ruwan farko idon ya rufe.